Sabon shiga ne ni: ta ina zan fara sauraren kiɗan metal?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne a cikinku, kuma har zuwa bara ban ɗauki kiɗan metal, wato kiɗan nan mai nauyin jitar lantarki da ganguna, a bakin komai ba face hayaniya. Wani dare ina gyaran wayoyi a shago na ci karo da kiɗan ƙungiyar Iron Maiden ta Ingila, na ji jita biyu suna tafiya tare, ɗaya na bayarwa ɗaya na amsawa, ban ankara ba sai na ga na ajiye aikin har kiɗan ya ƙare. Tun daga nan nake lalube, amma da na gwada ƙungiyoyin da mawaƙansu ke gurnani da maƙogwaro, kunnena ya ƙi karɓa. Ina roƙon manya su nuna mini inda ya kamata in fara.

Kawun Jos:
Wa alaikumus salam, barka da zuwa ƙanena. Shawarata ita ce ka koma tushe, wato Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda faifanta na farko ya fito a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyoyin jitar domin rage zafi, abin da ya sa amon ya sauka ƙasa ya yi nauyi. Idan kana saurare, ka bar muryar mawaƙi tukuna, ka bi ɗan gajeren salon jitar nan da ake ta maimaitawa, domin a kansa aka ɗora komai. Ni dai duk yawon da na yi, nan nake dawowa.

'Yar Maraɗi:
Ni ma sabuwa ce, sai dai ta wata ƙofar na shigo. Da jitar Abzinawa na tashi, kuma ko da yake kiɗan Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine na Nijar, ba metal ba ne, shi ya saba wa kunnena da kukan jitar lantarki. Shi ma bahago ne kamar Iommi. A yanzu na fi son Myrath ta Tunisiya, saboda suna haɗa nauyin jita da karin waƙar Larabawa, kuma mawaƙinsu rerawa yake yi, ba gurnani ba, don haka ina ganin za ta yi maka daɗin shiga.

Ɗan Sabon Gari:
Kawu, a yi mini afuwa, amma ban yarda a bar shi a 1970 ba. Gurnanin nan da ya kore shi gwaninta ce da ake koyo, kuma ni ma na yi wata da watanni kafin in fara rarrabe kalmomi a cikinsa. Malam Bakatsine, ka bi ta kan faifan ƙungiyar Metallica ta Amurka na 1986 kafin nan, domin can za ka saba da saurin ganguna, sannan ka gwada Sepultura ta Burazil. Idan kunnenka ya nuna, ka nemi Overthrust daga garin Ghanzi na Botswana, ƙasar da masoya wannan kiɗa suka yi suna da rigunan fata da malafar makiyayan Amurka.

Bakatsine:
Na gode ƙwarai. Zan fara da ta Kawu a daren nan bayan na rufe shago, gurnanin kuma a ba ni zuwa bayan salla.