Muhawara: shin maganin ƙona ciyawa na jawo cutar karkarwa ta Parkinson?

Malamin Gona: Jama'a, magana na yawo cewa paraquat, wanda ake fesawa ciyawa ta ƙone kafin kwana biyu, shi ke sa tsofaffin manoma karkarwa. Ban gamsu ba. A 1962 aka fara sayar da shi, cutar kuwa tun 1817 James Parkinson ya bayyana ta a Ingila. Hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ma a 2021 cewa ta yi hujjar ba ta isa ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Malam, ba a ce shi kaɗai ne sanadi ba, tsufa da gado na nan. Amma a 1982 a Kalifoniya wasu masu allurar ƙwaya sun sandare cikin 'yan kwanaki saboda sinadarin MPTP da ya gurɓata ƙwayar. A ƙwaƙwalwa yana rikiɗa ya zama MPP+, ya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke samar da dopamine, sinadarin da ke daidaita motsin jiki. Ƙirar paraquat ta yi kama da ta MPP+ ƙwarai. Sannan binciken 2011 kan manoman Amurka ya nuna haɗarin masu fesa paraquat ko rotenone (wani maganin ƙwari) ya ninka na sauran kusan sau biyu da rabi.

Hajiya Mai Harhaɗa Magani: Likita, kama da wane ai ba ta wane. MPTP sulalewa yake yi ya shiga ƙwaƙwalwa, paraquat kuwa da ƙyar yake ƙetare shingen da ke tsakaninta da jini. Kuma irin wannan bincike tambayar tsoho ake yi me ya fesa shekara talatin baya. Mai ciwo ya fi mai lafiya tono abin da ya wuce. Ga shi manomi ba magani ɗaya yake fesawa ba, yaya za a ware na wane ne?

Likitan Ƙwaƙwalwa: Wannan raunin gaskiya ne, Hajiya. Sai dai ɓerayen da aka yi ta ba paraquat, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dopamine ne dai suka mutu. Kuma karkarwa ba ta bayyana sai kusan rabinsu sun tafi, shi ya sa mai feshin yau ke ganin lafiyarsa ƙalau. Faransa tun 2012 ta sa Parkinson cikin cututtukan sana'a ga wanda ya yi shekara 10 yana aiki da magungunan feshi.

Malamin Gona: To hanin da wasu ƙasashe suka yi wa paraquat fa? Ni na ɗauka don kurɓi ɗaya na lalata huhu ne, kuma ba shi da makari.

Hajiya Mai Harhaɗa Magani: Galibin ƙasashe don haka suka hana. Amma kotun Tarayyar Turai da ta soke izininsa a 2007 ta ambaci cewa ba a duba batun Parkinson yadda ya kamata ba. Wannan na yarda. Rashin dubawa dai ba tabbatarwa ba ne.

Mai Horar da Masu Feshi: Ku bar ni in faɗi inda maganin ke shiga jiki. Na farko wajen haɗawa, lokacin da yake tsagwaronsa, ana awo da murfin kwalba hannu tsirara. Na biyu tankin goyo mai lita 16: robar murfi ta saki, ruwa na tsiyaya a baya, riga ta jiƙe har azahar. Lafiyayyar fata ba ta shan paraquat sosai, amma shi kansa yana cin fata, da ta yi rauni ƙofa ta buɗe. Mafi muni, bakin feshi ya toshe a sa baki a hura. Ƙyalle a hanci kuwa in ya jiƙe riƙe maganin yake yi.

Malamin Gona: Safar hannu na da wani tasiri, ko faɗa ce kawai?

Likitan Ƙwaƙwalwa: Tana da shi, Malam. Cikin waɗancan manoman na Amurka, alaƙar ta fi ƙarfi ga marasa sa safa. Amma ta roba mai kauri, ba ta yadi ba. Kuma a bambance: karkarwa da gumi da dalalar miyau bayan fesa maganin ƙwari guba ce ta nan take, asibiti za a nufa. Ta Parkinson gefe ɗaya take farawa, hannu na ajiye, tare da nauyin jiki.

Hajiya Mai Harhaɗa Magani: A kan safa da gyaran murfi ba mu da saɓani. Kalmar "yana jawowa" ce har yanzu ban sa hannu ba. "Yana ƙara haɗari" na karɓa.