Mun tare a unguwar Alajo a Ankara (Accra) kusa da rafin Odaw, me zan tanada kafin ruwan Yuni?

Maman Yara:
Salamu alaikum jama'ar gida, don Allah shawara nake nema. Wata biyu kenan da muka tare a Alajo, ɗaki da falo a gidan haya, mun biya adibas na shekara biyu saboda kuɗin da sauƙi, ashe sauƙin da dalili. Jiya ina shara sai naga sabon fentin da aka shafa ya fara ɓarewa, ga wani layi na taɓo a jikin bango ya kai min ƙugu. Na tambayi maƙwabciyata ta yi dariya tace ai sawun baƙonmu na duk shekara ne in Odaw ta cika. Wallahi ban yi barci ba. Maigida direban babbar mota ne, Tema zuwa Burkina, yakan yi sati biyu baya gida, ni ce da yara uku da Hajiya uwar mijina ga ciwon gwiwa. Tashi yanzu ba zai yiwu ba, kuɗi ya riga ya shiga hannun mai gidan haya. Me zan yi?

Baba Dan Nima:
Wa alaikumus salam 'yata. Abu na farko ba saye-saye bane, ki san INA za ki tun yanzu. Ki zagaya layinku ki nemi gidan bene ko masallaci da ke kan tudu, ki je ki gaida masu wurin, ki ce musu in ruwa ya zo zan kawo tsohuwa da yara. Kada ki bari sai ƙarfe 2 na dare kina buga ƙofar wanda bai sanki ba.

Ni naga 3 ga Yuni 2015 da idona, ranar Laraba ce, na taso daga kasuwa ruwa ya tsare ni. A Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutane suka fake a gidan mai suna jiran ruwa ya tsagaita, mai ya tsiyayo ya bi kan ruwa, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu, har aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa baki ɗaya. Allah ya jiƙansu. Ni abin da ya raba ni da wurin takalmina ne da ya tsinke na tsaya a barandar wani shago, shi kenan. Tun daga ranar ko yayyafi ake bana fakewa a gidan mai. Kuma ruwan da ke gudu ko a gwiwa yake zai kada babba, balle ga kwatocinmu a buɗe, in ruwa ya shafe hanya ba ki san ina titi ya ƙare ina kwata ta fara ba. Don haka da kinga ruwa ya taɓa dokin ƙofa ki kashe wuta daga babban makunni na mita da busasshen hannu, ki rufe gas, a fita da Hajiya tun ana iya taka ƙasa. Katifa ana sayen wata.

Anti Nas:
Baba ya gama magana, nawa na jaka ne. Ki samu leda mai kauri ko bokitin fenti mai murfi, ki zuba Ghana Card ɗinku, katin inshorar lafiya na NHIS, katin awon yara, takardar haihuwa da rasit ɗin haya, eh rasit ɗin ma, kin san halin wasu masu gida. Maganin Hajiya na sati ɗaya, tocila, pawa bank mai caji, da ɗan kuɗi a hannu don MoMo (kuɗin cikin waya) ba ya amfani in waya ta jiƙe ko netwok ya ɗauke. Ki rataye a ƙusa can sama kusa da ƙofa ba ƙarƙashin gado ba. Lambobi ki rubuta a takarda: 112 na gaggawa ne gaba ɗaya, 192 'yan kwana-kwana, 193 motar asibiti, da lambar wani ɗan uwa da ba unguwarku yake ba, babban yaronki ya haddace ta.

Amma ni abin da yafi bani tsoro bayan ruwa ya janye ne. Ruwan da ya shigo ɗaki ya haɗu da na masai, yara kuma wasa suke a ciki. Wanda ya yi aiki a asibiti a 2014 lokacin kwalara a nan Ankara ba zai manta ba. Ki ajiye buhu biyu na piya wata (ruwan leda) a kan tebur, in ya ƙare a tafasa ruwa. ORS, haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, ki saya a kemis, in babu: piya wata leda biyu lita ɗaya kenan, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gudawa kamar ruwan shinkafa kuwa ba a jira gari ya waye, asibiti kawai.

Sabon Jini:
Ku yi haƙuri iyayena amma mu faɗi gaskiya, mu ne da hadari ya haɗo muke fito da bola mu juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, ya tafi da ita ina?? Abin da aka zuba a Nima da Mamobi ai Odaw yake gangarawa ya toshe a ƙarƙashin gada ya dawo ɗakin su Maman Yara. NADMO, hukumar agajin bala'i, suna nan tun 1996, aikinsu ne, ki san asembiliman ɗinku, wato kansilan unguwa, don a sa sunanki in ana rubuta waɗanda abin ya shafa, amma daren farko samarin layi ne za su goya Hajiya. Mu mun buɗe gurup na WhatsApp, na sama in ya ga kwata ta cika sai ya sanar da na gangare, kuma mun rubuta gidajen da ke da tsofaffi da masu ciki, kowane gida da samari biyu.

Dan Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ku ƙara da haɗarin kyandir, in an ɗauke wuta ana ruwa mutane suna kunnawa su yi barci. Tocila ta fi. Kuma waya da soket da suka sha ruwa kar a mayar da wuta sai mai gyaran lantarki ya duba.

Maman Yara:
Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na je gidan benen da ke bayan masallaci, matar gidan tace ba komai har ta nuna min inda Hajiya za ta kwanta. Bokiti ma na samu. Matsalar yanzu mitar gidanmu tana cikin wani keji mai kwaɗo kuma makullin yana wurin mai gidan haya a Madina, na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Sabon Jini, in mun haɗu mu 'yan haya mun sake kwaɗon mun ba shi makulli ɗaya, akwai laifi?