Yarona ya fara tafiya cikin hunturu, ya ƙi safa

Maman Sadiq, Samaru:
Assalamu alaikum iyaye mata. Sadiq wata 14, satin nan ya saki bango, taku huɗu sai ya zube. Sai dai sanyin Disamban nan! Na sa masa safa ya tuɓe, hula ya jefa cikin bokiti. Siminti kamar ƙanƙara, kumatunsa sun yi fururu, ga majina ba tsayawa. Ya kuke yi da naku?

Hajiya Inna, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya. Man kaɗanya, ki narka a tafin hannu ki shafe shi daga wanka, tun jikin bai bushe ba. Wankan ma ki bari rana ta fito, mu haka muka yi. Ki shimfiɗa tabarma biyu ya yi tatatarsa, safa ma santsi take sa su a siminti.

Maman Ummi, Sabon Gari:
Ni dai kaskon garwashi nake ja miki kunne. Tawa ta kusa dafa shi bara, har yau gabana faɗuwa yake. Kuma kar a kwana da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa kisa yake.

Maman Sadiq:
Na gode Inna. Kaskon tuni na mayar kicin.