Me ya kamata mu yi game da sharar da ke gangarawa Gulbin Maradi?

Mai Lambu a Fadama:
Assalamu alaikum. Ina noman rani a bakin gulbi, kuma kowace shekara idan ruwan farko ya sauka, sai in tarar da leda da robobi da baƙin man injin sun taru a gefen lambuna. Ina son masu sani su faɗa mini, wannan ƙazanta tana tsayawa nan ne, ko kuwa tana wucewa gaba? Kuma ta ina za a fara gyara?

Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam, Malam. Tana wucewa gaba ƙwarai. Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya da Madarunfa, ya ratsa mu a nan Maradi, ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima, wanda ruwansa ke ƙarewa a kogin Kwara har zuwa teku. Amma tun kafin abin ya kai ga masuntan bakin teku, mu yake fara cutarwa, domin rijiyoyin fadama ba su da zurfi, abin da ya kwanta a yashi kuma yana tsatsafowa cikinsu. Tun da aka mayar da gari kan tudu bayan ambaliyar 1945, duk abin da aka zuba a magudanar ruwa gangarowa yake yi wurinku.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, ni bahaya a fili ya fi damuna fiye da leda. Duk wanda ya ga ciwon zawo da amai da ya ɓulla a yankin Madarunfa a 2018 ya san abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa.

Ɗan Unguwar Zariya:
Dokar hana leda tana nan a Nijar tun 2014, sai dai har yau da ita ake ƙulla mana kayan miya a kasuwa. A ganina, masu unguwanni su tara matasa a yashe magudanai tun watan Mayu, kafin damina ta kankama, a kuma kwashe abin da aka fitar a ranar, don idan aka bar shi a bakin hanya ruwa ne zai mayar da shi. Masu gareji kuwa a roƙe su su riƙa tara baƙin mai a durom.

Mai Lambu a Fadama:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a zan kai maganar gaban ƙungiyarmu ta masu lambu, mu nemi ganin mai unguwa tare.