Wane suna ya dace da ma'aunin takunkumi a laburaren koyon na'ura?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina rubuta laburaren koyon na'ura da harshen shirye-shiryen kwamfuta na Python, kuma na kasa tsayar da sunan ma'aunin takunkumin da ke hana samfuri haddace bayanan horo.

Sunan da masana lissafi suka saba da shi, wato lambda, Python ta keɓe shi wa kanta. A laburaren scikit-learn na Python, samfuran Ridge da Lasso suna amfani da alpha, wadda ƙaruwarta ke tsananta takunkumi, amma LogisticRegression da SVC suna amfani da C, wadda ƙaruwarta sassauta shi take yi. Abin da ya fi damuna shi ne a laburaren glmnet na harshen R, alpha rabon gauraya nau'o'in takunkumi biyu ce, wato L1 da L2, aikin da samfurin ElasticNet na scikit-learn ya ba l1_ratio, saboda haka wanda ya sauya laburare zai iya kuskure ba tare da wani gargaɗi ba.

Hankalina ya karkata ga lambda_l1 da lambda_l2 irin na laburaren LightGBM, domin sun faɗi aikinsu. Shin in bi su, ko in riƙe alpha saboda sabon jama'a? Idan na riƙe biyun, yaya zan yi da wanda ya saka su tare?