Neman taimako: JMeter yana gabatar wa CICS satifiket ɗaya tak

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar kwamfuta. Ina gwajin jure cunkoso da manhajar JMeter a kan wata manhajar CICS (tsarin IBM mai sarrafa hada-hadar bayanai) da ke gudana a babbar kwamfutar IBM mai tsarin z/OS, inda AT-TLS (sashen z/OS mai tsare haɗi da ƙa'idar ɓoye bayanai ta TLS) ke tilasta wa kowane mai shiga ya gabatar da satifiket ɗinsa (shaidarsa ta dijital), RACF (tsarin tsaron z/OS) kuma ya danganta shi da asusun mai shi.

Na zuba satifiket ɗin gwaji duka cikin ma'ajiya guda ta PKCS12, kowanne da laƙabinsa, na sa Keystore Configuration (sashen JMeter mai zaɓar satifiket) ya riƙa ɗauko laƙabin daga fayil ɗin CSV, sannan na mai da saitin JMeter na https.use.cached.ssl.context zuwa false don kada ya sake amfani da tsohon haɗin tsaro. Haɗin yana ƙulluwa lafiya lau, amma idan na duba bayanan CICS sai in tarar duk buƙatun sun shiga da sunan asusun farko. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin sakamakon ba zai nuna ainihin nauyin da tantance mutane daban-daban ke ɗora wa RACF ba.

Shin JMeter ne ke sake amfani da tsohon zaman TLS, ko kuwa gyaran yana cikin ƙa'idojin AT-TLS? Don Allah wanda ya taɓa warware irin wannan ya haska mini.