Neman sunan Hausa ga ƙarfen da ke ɗaga ƙofar gareji

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai a kan sunan wani ƙarfe da ke jikin ƙofar gareji, irin ƙofar nan da ake ɗagawa sama ta kwanta a ƙarƙashin rufi, ba wadda ake turawa gefe ba. Waya ce mai kauri da aka nannaɗe, ita ce kuma ke ɗauke nauyin ƙofar har mutum ya iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Iri biyu ne: akwai wanda yake kwance a jikin wata sanda a saman ƙofar, akwai kuma waɗanda suke bin hanyar ƙarfen da ƙofar ke gudu a kanta dama da hagu. A Ingilishi kowanne da sunansa. Ana bukatar namu sunayen ne don rubuta bayanin gyara da kulawa. Shin a bar su duka a matsayin sifirin, ko akwai kalmar Hausa ta asali da ta fi dacewa?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar sifirin ta daɗe a bakin Hausawa, domin makanikai suna faɗinta ga mota, ana kuma faɗinta ga gado da katifa, kalmar da ta zauna haka kuwa ta wuce a ce mata baƙuwa. Na san wasu za su so a ce naɗaɗɗen ƙarfe, amma wannan siffa kawai ya faɗa, bai faɗi aiki ba, tunda wayar da aka naɗe don ajiya ma naɗaɗɗiya ce, alhali ba ta da ƙarfin komawa yadda take. Ina ganin a riƙe sifirin, a bambanta su da wurin zamansu, a ce sifirin na sama da sifirin na gefe.

Injiniya: Malama, na yarda da riƙe sifirin, amma rabon sama da gefe ba zai tsaya ba. Waɗanda kika kira na gefe su ma a sama suke, domin suna rataye ne a kan sashen hanyar da ya kwanta a ƙarƙashin rufi. Haka kuma idan sararin da ke saman ƙofar ya yi kaɗan, akan mayar da mai sandar can ƙarshen hanyar ta baya, sai ya zama ba a saman ƙofar yake ba sam.

Bambancin gaskiya yana ga yadda kowanne ke tara ƙarfi. Mai sandar, idan ƙofa tana sauka, igiyoyin ƙarfe biyu da aka ɗaure a gindinta suna warwarowa daga wasu kwarkwaro biyu da ke bakin sandar, sandar ta juya, sifirin ya murɗe. Ɗayan kuma ba ya murɗewa, jansa ake yi ya miƙe ya ƙara tsawo. Dukkansu suna bin ƙa'idar da masanin kimiyya ɗan Ingila Robert Hooke ya wallafa a 1678, wato gwargwadon yadda aka ja ko aka murɗa, gwargwadon ƙarfin da abin zai mayar. Saboda haka lokacin da ƙofa take a rufe, mai ita yana ganin komai lafiya, lokacin ne sifirin yake ɗauke da cikakken ƙarfinsa. Shawarata ita ce sifirin mai murɗuwa da sifirin mai miƙewa.

Ba son tsawaita suna ya sa na dage ba. Hanyar gyaransu ce ta saɓa. Mai miƙewa ana buɗe ƙofar gaba ɗaya, a tokare ta yadda ba za ta zame ba, sai ya saki jiki a cire shi. Mai murɗuwa kuwa ana aikinsa ne ƙofa tana rufe, yana cike da ƙarfi, a riƙa sassauta shi da sandunan ƙarfe biyu da aka yi musamman don ramukan da ke kansa. Wanda ya karanta umarnin wannan ya je ya yi wa wancan zai iya rasa yatsu ko ido, kuma sunan da ya faɗi yadda ƙarfen ke aiki ya fi kare shi daga wannan kuskure.

Malamar Hausa: Hujjar ta karɓu, Injiniya, na janye sama da gefe. Sai dai ina da magana a kan aikatau ɗin da za a yi amfani da shi wajen cika sifirin da ƙarfi bayan an saka sabo. Kada a ce an ɗaure shi, domin ɗaurewa na kusa ne da igiya, kuma mai karatu zai ɗauka ƙaramin aiki ne na sifana. Hausa tana da ɗana, wadda ake faɗa ga tarko da kibiya da bindiga, wato a tara wa abu ƙarfi a tsayar da shi yana jiran saki. Duk Bahaushen da ya ji an ce wannan sifirin a ɗane yake, ba sai an ƙara masa gargaɗi ba.

Injiniya: Wannan ta zauna daram. Ɗanawar ma a hankali ake yinta, kwata-kwatan juyi, sanda ɗaya tana riƙe ana zura ɗayar. Ƙofa mai tsayin ƙafa 7 takan buƙaci kimanin juyi 7 da rabi, wato kwata 30 ko kusa da haka. Sukudireba ba ta maye gurbin sandunan, don takan suɓuce daga ramin, kuma mai aikin ba ya sa kansa daidai da hanyar sandar.

Mai tambaya: Na gode, malamai. To a nan wata matsalar ta taso. Masu ƙera sifirin suna auna rayuwarsa da wata kalma da na so in fassara da zagaye, sai ga shi juyin ɗanawa ma ana iya kiransa zagaye. Yaya za a raba su?

Injiniya: A raba su lallai, Malam, domin ba su da alaƙa. Abin da masu ƙerawa ke ƙirgawa shi ne buɗewa ɗaya haɗe da rufewa ɗaya, kuma sifirin na gama-gari akan ƙera shi don kimanin 10,000 na irin wannan. Gidan da ake buɗewa a rufe sau 4 a rana zai ci wannan adadin cikin shekara 7 ba kaɗan, wanda ya ninka haka kuma zai ga ƙarshensa cikin rabin lokacin. Ni da za a bi tawa, a kira shi buɗi da rufi, a bar juyi ga ɗanawa.

Wannan lissafin ne ke bayyana dalilin lalacewar. Yawan murɗi yana barin 'yar tsaga da ido ba ya gani a jikin wayar, tsagar tana girma har ranar da wayar za ta rabu da ƙara mai firgitarwa, a bar giɓi kamar inci 2 a tsakiyar naɗin. Tsatsa tana gaggauta abin, shi ya sa ake shafa masa man silikon ko na litiyam lokaci zuwa lokaci. Idan guda biyu ne a ƙofar, ɗaya ya tafi, a canza su tare, tunda shekarunsu ɗaya kuma aikin da suka yi ɗaya ne.

Malamar Hausa: Buɗi da rufi ya yi. Game da rabuwar wayar kuma, na fi son a ce sifirin ya tsinke maimakon ya karye, kasancewar waya ce, ko da yake duk wanda ya ce karye ba a ce ya yi kuskure ba. Akwai kuma abin da zan ambata a gefe: a tsantsar Hausa ƙofa ita ce mashigar, abin da ake rufe ta da shi kuwa ƙyaure ne ko gambu. Amma tunda mutane sun saba da cewa ƙofa ga duka biyun, ban ga dalilin tsanantawa a rubutun gyara ba.

Injiniya: Saura abu biyu da ya kamata su shiga rubutun da waɗannan sunaye. Na farko, mutane da yawa suna zaton injin lantarki ne ke ɗaga ƙofar. C. G. Johnson ya fito da irin wannan ƙofa a Amurka a 1921, injin buɗe ta kuwa sai 1926 ya biyo baya, kuma har yau aikinsa motsa ƙofar da sifirin ya riga ya ɗauke wa nauyi ne kawai. Idan sifirin ya tsinke, kada a matsa wa injin, domin ƙofar da ke iya haura kilo 100 za ta lalata shi, ko ta lanƙwasa fallen ƙofar na sama. Gwajin da mai gida zai iya yi da kansa shi ne ya raba ƙofar da injin tana rufe, ya ɗaga ta zuwa rabi ya saki a hankali; idan ta tsaya, ɗanawar daidai take, idan ta faɗo ko ta haura, a kira mai gyara.

Na biyu, a rubuta ƙarara cewa tsinkewar sifirin ɗaya ba ta nufin an huta da haɗari, domin abokinsa yana nan a ɗane, kuma ƙarfinsa yana ratsa igiyar har zuwa maƙalin da ke kusurwar ƙofar ta ƙasa. Kada a kwance kusoshin wannan maƙali sai an sassauta sifirin. Mai miƙewa kuma a tabbatar an zura masa igiyar tsaro ta cikinsa an ɗaure bakinta biyu, don idan ya tsinke ya tsaya a wurinsa.